Ranar da Gwaggo Ta Yi Wa Farfesa Ta'aziyya

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ba zan manta ranar da na kai Gwaggona kallon kabari ba.

Lokacin ina karatun tarihin gine-gine a Manchester, ina neman farfesanmu ya saka ni cikin masu aikin tono a wani tsohon kabarin dutse. Mutum ɗaya ya rage a ɗauka, ni kuwa na ƙwallafa rai. Ranar da za mu je ganin wurin na biya unguwar Small Heath gaida ƙanwar babana, sai ta ɗauko mayafi da kular dambu. "Kullum flat, kullum wajen likita. Yau sai na ga makarantar nan taka."

Wurin tudun ƙasa ne dogo a tsakiyar gonar tumaki. Ƙofarsa sai ka durƙusa, ciki siririn lungu da 'yan ɗakuna dama da hagu, an rufe sama da manyan falalen duwatsu, babu siminti ko kaɗan. Farfesa ya ce shekaru dubbai ke nan da gina shi, ƙofar tana kallon gabas, kuma wataƙila kakanninsa ne a ciki.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Gabas? Ashe mutanen kirki ne!" Na raɗa mata cewa alƙiblar Ingila ba can take ba, ta ce in rufe mata baki. Ta cire takalmi a cikin taɓo, ta je gaban farfesa ta rusuna. "Sorry for your loss. Ya haƙuri?" Ta danƙa masa kular dambun, wai gidan mutuwa ba a zuwa hannu rabbana. Wallahi ji na yi kamar in shige lungun nan kada in fito.

Da ta ji tono za mu yi, sai ta juyo kaina. "Kai, ɗan nan! Scholarship ɗin na tonon kakannin mutane ne?" Ta zauna a bakin ƙofar, ta ce sai dai a bi ta kanta. Farfesa ya tsuguna yana lallashi, da cokalin dambun a hannu.

Ya ɗauke ni aikin, amma da sharaɗin da suka ƙulla da Gwaggo: ba mai shiga sai ya yi sallama. Haka Turawa suka yi ta durƙusawa suna gaida duwatsu har muka gama.

Tun daga nan na gane, duk tsufan kabari, na wani ne.