Sulallan Yaya a Hannun Mai Tsumma

Shekara talatin da ɗaya Mai Tsumma ya yi yana aiki a otal, kuma in ka tambaye shi aikin me, sai ya gyara tsayuwa ya ce shi ne mai kula da ƙarafa. Cokula, wuƙaƙe, mariƙin ƙofa, ƙararrawar da ke kan teburin karɓar baƙi, duk shi ke goge su. Sunan ma a can ya samo shi, don ba a taɓa ganin kafaɗarsa babu tsumma ba. Da ya yi ritaya sai fitinar ta dawo gida. Matarsa ta rasa inda za ta ɓoye tukwanenta. Ta ajiye butar shayi ta juya baya, kafin ta waiwayo ya goge ta har tana kashe ido. Kwaɗon ƙofar maƙwabci ma bai tsira ba.

Ana cikin haka wansa ya rasu. Direban babbar mota ne, ya ƙare rayuwarsa yana tsallake iyakoki, kuma duk ƙasar da ya shiga sai ya dawo da ragowar canji a aljihu, ya zuba a wani tsohon gwangwanin madara. Bayan an watse daga zaman makoki, matar Yaya ta miƙa wa Mai Tsumma gwangwanin.

"Ƙanena, kai ne mai hannu a gidan nan," in ji ta. "Ka shirya mini su a cikin gilashi in rataya a falo, jikokinsa su san inda ƙafarsa ta taka."

Ya karɓa da hannu biyu. Yaya ne ya rene shi, Yaya ne ya samo masa aikin otal, shi kuwa bai taɓa yi masa wani abin a zo a gani ba. Wannan ce damar da ta rage masa, kuma ya san haka.

Sai dai bai san komai game da tara sulalla ba. Aka kwatanta masa wani ɗan kanti a bayan gidan waya, inda wani dattijo mai kaurin tabarau ke sayar da tsofaffin kuɗi. Dattijon ya zazzage gwangwanin a kan kyalle, ya ce wa sabon shiga hanya mafi sauƙi ita ce ya ɗauki guda ɗaya tal daga kowane iri, ba sai ya bi shekara-shekara ba.

"To ai waɗannan biyun iri ɗaya ne," in ji Mai Tsumma.

"Ba ɗaya ba ne. Shafa bakinsu. Wannan da tsaga-tsaga, wannan sumul."

"Saboda ɗan wannan?"

"Saboda ɗan wannan. Kuma ka saurare ni da kyau: kada ka wanke su. Ko ruwa kar su gani."

"Haba Malam, wannan dauɗar?"

"Ka bar musu dauɗarsu. In ka goge, ka kashe su."

Mai Tsumma ya ce to. Irin to ɗin da ake ce wa likita ne in ya hana mutum gishiri.

Ya sayi kwali mai ramuka da gilashin ƙara girma, ya mamaye teburin cin abinci. Masu tsuntsu gefe guda, masu jirgin ruwa gefe guda, masu huda a tsakiya a cikin murfin kwano. Gidan kaf aka koma cin abinci a ƙasa. Matarsa ta matsar da sule ɗaya don ta ajiye kofi, ranar sai da ya yi mata huɗubar rabin awa. A gaskiya ya yi ƙoƙari, ya ware iri arba'in da bakwai, har yana kiran mutane su zo su ga bambancin baki mai tsaga da baki sumul kamar shi ya gano shi.

Kwana tara ya daure. A na goma wani baƙin sule ya ƙi nuna shekararsa. Ya ce bari ya ɗan shafa, shekarar kawai zai gani. Ya ɗiga man goge ƙarfe a tsumma. Sulen ya fito fes, yana ƙyalli, sai sauran da ke kusa da shi suka koma kamar marayu. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya ba a taɓa kama shi da cokali mai tabo ba, yaya zai kai wa matar wansa allo haka, ɗaya fari arba'in da shida baƙaƙe? Kafin la'asar ya gama da su. Waɗanda suka yi taurin kai ya bi su da soson ƙarfe. Bai tsaya nan ba, wai ba zai san wanda ya fi kyau a kowane iri ba sai ya ga fuskar kowa, don haka ragowar ma duk ya bi ta kansu. Wannan mutum, Allah ya shirye shi.

"Baban yara, mai kantin nan bai ce kar ka taɓa ba?" matarsa ta tambaya daga ƙofar kicin.

"Shi ɗan kasuwa ne. Me ya sani game da ƙarfe?"

Kafinta ya yi masa firam da gilashi. Ranar Asabar da hantsi ya sa rigarsa mai kyau, ya rungumi allon har gidan Yaya, ya jingina shi a kujera, ya ja da baya yana jiran yabo.

Matar Yaya ta daɗe tana kallo.

"Sun yi kyau," ta ce. "To ina nasa?"

"Ai su ne, Yaya. Gyara su na yi."

Ta matso, ta bi layukan da yatsa ta bayan gilashi. Ta ce akwai wani babba, baƙi ƙirin, da mijinta ba ya tafiya sai da shi a aljihun gaba. In yana jiran a buɗe iyaka sai ya riƙa murza shi da babban yatsa, har wuri ɗaya ya yi haske daidai faɗin yatsan. Mai Tsumma ya duba. Babban yana nan a layi na biyu, yana ƙyalli daga baki zuwa baki, babu inda ya fi wani wuri.

"Tun da ya rasu, kullum da safe sai na buɗe gwangwanin nan," in ji ta. "Warin baƙin mai da zufarsa nake ji. Na ɗauka in an sa su a gilashi abin zai fi daɗewa."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Bai taɓa jin ciwon aikinsa ba sai ranar.

Ta share ido da gefen mayafi, ta yi ƙoƙarin murmushi don kar ta karya masa zuciya.

"Ba komai, ƙanena, ka sha wahala. Gwangwanin kawai za ka dawo mini da shi."

Gwangwanin yana can gida a kife a kan taga yana shan rana. Jiya Mai Tsumma ya wanke shi da ruwan zafi da sabulu, ciki da waje.