Ranar da Yaya Maidamma Ya Shiga Ƙarƙashin Motata

Bana shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar wana, Maidamma bakanike. Lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin jihar Sakkwato, shi kuma yana da gareji a gindin wata tsamiya a bakin hanyar Argungu. Waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa, shi ya sa nake rubuta wannan.

Mun taɓa yin shekara guda ba ma magana. Na sayar da rabona na gonar shinkafar mahaifinmu a Zauro, na sayi tsohuwar akori-kura don jigilar albasa. Ya hana ni, na ƙi ji. Ko a masallaci muka haɗu, sai dai kowa ya kau da kai.

Wata Laraba na yi lodi a Argungu, giya ta ƙi shiga. In na taka kuloci sai fedar ta tafi salalaf har kusan ƙasa kafin in ji ta kama wani abu, giya kuwa sai gurnani. Bakaniken da na kira ya ce farantin kuloci ya cinye, sai an sauke akwatin giya, aikin kwana huɗu. Ga albasar mutane a rana. Na haɗiye girman kaina, na ba wani direba saƙo ya kai wa Yaya.

Bayan azahar sai ga Yaya da jakar sufanunsa. Bai dube ni ba. Ya durƙusa ya danna fedar da hannu, ya auna tazarar da take yi a banza. Ya ɗaga yatsu biyu, ya ce wa bakaniken, "Iyakar wasanta ke nan. Wagga ta wuce tafin hannu. Mi ya kai ka ga faranti tun ba ka bi ƙarfe ba?"

Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Daga can na ji muryarsa: "Bala, taka." Na taka. "Saki." Na saki. Maganarmu ta farko ke nan a shekara. Ya bi sandar ƙarfen da ta haɗa feda da kuloci gaɓa-gaɓa, yana girgiza kowace mahaɗa, har ya kai ga wani ɗan fin ƙarfe da ya cinye, raminsa ya faɗaɗa, notin gyara kuma ya kwance. Ya sauya fin, ya ɗaure noti, giya ta shiga lumus.

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ce, "Tashi mu tai, albasa ba ta jira." Muka taho gida yana gefena, yana faɗa mini ina sauya giya kamar mai jin haushin motar. Damina biyu bayan nan ciwon ciki ya kwantar da shi, kwana tara ya cika.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga motocin yau marasa kuloci, da masu gyaran da ke jona na'ura ta faɗa musu ciwon mota. Ina jin zai yi tsaki, sannan ya matso ya ce a nuna masa yadda take aiki, don bai taɓa raina ilimi ba.

An sare tsamiyar, shaguna ne a wurin yanzu. 'Ya'yansa sun watsu, babu wanda ya gaji sana'ar. Ina zaune a Gwadangaji, in na ba da labarinsa sai a saurara don ladabi kawai. Ranar Juma'a nakan je maƙabarta, amma kabarin ya baje, sai in tsaya inda nake zato in yi addu'a. Ya rasu bai kai hamsin ba, ni na haura saba'in. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma har yau bakina bai iya kiransa da komai ba sai Yaya. Allah Ya kai haske makwancinsa.