Natto a Bakin Ƙofar Fumie

Fumie Katagiri, 'yar ƙasar Japan, fumfuna take reno duk rayuwarta, kamar yadda wasu ke kiwon kaji. Takan turara shinkafa, ta barbaɗa mata tokar itace, ta yayyafa ƙwayar fumfunar da ake kira koji, wadda ta gada a wurin mahaifinta, sannan ta shimfiɗa ta a ɗaki mai ɗumi. Idan ta tsiro kore shar, masu haɗa miso, wani irin daddawar miya, na kwarin nan su zo su saya. Akwai wata fumfunar mai kama da tata da ke fitowa a gyaɗa da masara, ita kuwa dafi ce, shi ya sa kowace kaka Fumie ke aika tata birni a auna. Ba a taɓa samun komai ba, kuma ba wanda ta bari bai ji labari ba.

Sai Allah ya haɗa ta aure da Shigeharu, mutumin garin Mito, inda ake yaye yaro da natto, wato dafaffen waken da ake bari ya ruɓa ya yi yauƙi. Ƙwayar da ke sa waken natto yauƙi kuwa, in ta shiga ɗakin koji, an gama. Don haka daga faɗuwar ƙanƙara har bazara, ko sunan natto ba a ambata a gidan. Shigeharu ya yi haƙuri shekara da shekaru, sai dai ya bi tiren maƙwabta da ido.

Wata shekara shinkafar ta taso da yauƙi. Ran Fumie ya ɓaci ƙwarai, don ƙwayar da ta rage mata a tulu ba ta wuce cikin tafin hannu ba, kuma in ta tafi, ta mahaifinta ta tafi ke nan. Ba ta tsaya bincike ba, ta ce Shigeharu ne ya ci natto a ɓoye. Ya rantse, ta ce wanda ya saba da ɗan hali ya san hali. Ta tura shi gidan ƙanwarsa da ƙunshin kayansa, gari kuwa ya samu abin dariya.

Tana kankare ɗakin ne ta ɗaga sabbin tabarmin karan shinkafa da ta rufe farantan koji da su, waɗanda ita da kanta ta karɓo a gonar maƙwabci don ta ga araha. Warin natto ya daki hancinta. Da irin wannan karan ake naɗe wake a yi natto, kowa ya san haka.

Ta fitar da tabarmin, ta sake shuka ragowar ƙwayar a kan sabuwar toka, ta fito lafiya lau. Haƙuri dai Fumie ba ta iya bayarwa da baki. Sai ta dafa wake, ta naɗe shi a karan nan can bayan gida, da ya nuna ta kai wa Shigeharu har ƙofar ƙanwarsa.

Ya buɗe, ya dube ta. "Tsohuwa, wa ya rasu?"

"Ci ka ƙoshi, Baban Sayo," in ji ta. "In ka gama ka biya gidan wanka, ka cuɗa sosai kafin ka shigo min gida. Na dafa shinkafar mutum biyu."