Faifan da Faisal Ya Kawo daga Ingila

Ban taɓa mantawa da ranar da Faisal ya shigo shago da faifan nan a hammata ba. A shekarar 1981 ne, ina aiki a wani shagon kaset a Madina, wajen Ammu Idris. Shi haifaffen nan ne, kakansa ya zo daga Kano a ƙafa. Ni kuwa baƙo ne mai iƙama, wato takardar izinin zama, kuma shi ne kafilina. Sai ya sa hannu ake sabunta ta, in ya ƙi, sai jirgi.

Ku na yanzu ba ku san aikin ba. Ana kawo uwar kaset ko faifai, in zauna a bayan shago in juye a sababbin kaset, in liƙa suna. Yawanci karatun Alƙur'ani ne da wa'azi, sai ɗan waƙoƙin Larabawa a ƙasan kanta. Ƙa'idar gidan ɗaya ce, duk kaset ɗin da aka dawo da shi, laifin mai juyewa ne.

Faisal ɗan Ammu ne. Ya je karatu Ingila, ya dawo ba takardar shaida, sai gashi har kafaɗa. Faifan na wasu mawaƙan Turawa ne su biyar. Ya ce wa babansa wannan ba kiɗan rawa ba ne, kiɗan masu tunani ne, jaridun can sun yi ta yabonsa, Turawan injiniyoyi da ke aiki a garin Yanbu kuma wawashe shi za su yi. Ammu bai saurari faifan ba. Yana jin an ambaci Yanbu ya ce in cika kwali biyu.

Ni ne na saurara, don dole. Gefen farko gaba ɗayansa waƙa ɗaya ce. Iska ke kaɗawa tukuna, sai wani abu kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, sai jita ta kama kuka, ganga ta fara ta fasa, ta sake ɗauko wani taku daban. Har na sha shayi na wanke kofi mawaƙin bai iso ba. Da ya iso, ya yi 'yar magana da siririyar murya, ya koma inda ya fito.

Turawan Yanbu ba sa shiga Madina, sai muka aika musu ta hannun wani direba. Ya dawo da kayan, ya ce masu so suna da nasu tuni. Samarin gari suka saya, suka fara dawowa da shi. Wani ya ce ya juya gaba ya juya baya bai sami waƙar ba. Wani mai tasi ya ce sau biyu yana tsayawa ya buɗe gaban mota, yana zaton injinsa ne.

Ammu ya kira ni. "Ya Haruna, esh hada? Mene ne wannan? Ka lalata mini kaya."

Na ɗora masa uwar faifan don ya ji da kunnensa. Ya saurara, fuska a murtuke, sannan ya ce ashe har uwar na lalata. Na dubi Faisal, kalma ɗaya nake jira daga bakinsa. Ya ɗaga kai yana kallon fanka, ya ce mutanen garin nan ba su da kunne. Ammu ya ce iƙamata ƙarshen wata za ta ƙare, zai yi tunani.

Gaskiya na tsorata. Mata da 'ya'ya biyu na baro a Damagaram, da aikin nan suke ci. Kuma ba a ce wa kafili ɗansa ne ya yi shirme.

Ana cikin haka, lokacin dabino ya fara nuna, sai ga Baba Salihu, wani dattijo mai gonar dabino a Ranuna, wajen Ƙuba. Jikansa ya sayi kaset ɗin, ya kunna shi da ƙarfi a gona, ya tafi salla. Da Baba ya zo, ko tsuntsu ɗaya babu a kan dabinon. Ya tambaye ni ko akwai sauran ƙarar nan, yana so wa kansa da maƙwabta. Kafin mako ya zagayo kwali biyun sun ƙare, manoma na zuwa neman kaset ɗin tsuntsu, har na sake juye wasu.

Ammu ya tara mu, ya dafa kafaɗar Faisal, ya ce karatun yaron nan bai tafi a banza ba, yana da idon kasuwa. Faisal ya yi kamar zai yi kuka. Sannan Ammu ya sa hannu a takarduna, ya miƙo mini.

"Na yafe maka wannan karon, ya waladi. Amma kar ka kuskura ka gyara injin juye kaset ɗin nan. Halas, shi ke nan, a bar shi yadda ya lalace."

Na ce na gode, Ammu. Har godiya na yi.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan kowane kaya yana da mai saye, ko da ba wanda aka yi dominsa ba ne. Na kuma koyi yadda ake rabo a shagon kafili. In kaya ya yi kwantai, mai iƙama ne ya ɓata shi. In ya karɓu, ɗan gida ne ya hango, mai iƙama kuma a yafe masa.