Wayar Bakin Birki

A tashar da yake lodi ba mai kiransa da sunan yanka. Birki ake ce masa, don duk shekarun da ya yi yana jan bas bai taɓa take ko kaza ba. Ƙato ne mai faɗin ƙirji. In taya ta fashe ana tsakiyar gudu, fasinjoji na salati, shi kuwa sai ya lallaɓa motar zuwa gefen titi ko gezau. Abu ɗaya ne ke kaɗa masa hanji a duniya, kujerar likitan haƙori.

Tsoron nan yana da asali. Yana yaro ciwon haƙori ya matsa wa mahaifinsa, wani mai cire haƙori a bakin kasuwa ya zaunar da shi a benci ya fizge haƙorin da filaya. Birki ne ke tsaye riƙe da hular tsohon. Fuskar mahaifin ta kumbura har ido ya rufe, zazzaɓi ya biyo baya, mako bai zagayo ba aka yi jana'iza. Tun daga ranar bai sake buɗe wa wani mahaluki bakinsa ba.

Ga shi kuma haƙoransa na ƙasa a cunkushe suke, sun hau juna kamar fasinjojin kujerar baya. Da girma ya fara kama shi, sai na gaban suka riƙa caccakar dasashinsa na sama duk sa'ad da ya rufe baki. Ya daure, ya koma tauna da gefe guda, har ran da matarsa ta ga jini a jikin burodin da ya gatsa.

"Maigida, wannan kuma na yaushe ne?"

"Ba komai, ƙaya ce ta soke ni."

"Burodi ne ke da ƙaya? Gobe ƙafata ƙafarka sai asibitin haƙori."

Ya yarda ne don wani abokin aikinsa ya ce masa zuwan farko dubawa ce kawai, sai su ba mutum rana mai nisa. Birki ya ƙudurta a ransa zai karɓi ranar, ya bar ta ta bi ruwa.

Asibitin yana saman wani kantin magani. Tun daga matakala warin maganin ya bugi hancinsa, daga bayan wata ƙofa kuma wani inji yana ta tsuwwa. Likitar 'yar siririya ce, ba za ta girmi babbar 'yarsa ba. Ta ɗauki hoton muƙamuƙinsa, ta cika masa baki da wani abu mai danƙo don ta sami siffar haƙoran, tana yi tana bayani.

"Baba, waya za mu sa maka ta jera su a hankali. Amma in akwai ruɓaɓɓen haƙori, ko dasashin ya kamu da cuta, sai an yi maganinsu tukuna. Wannan kan ja lokaci."

Birki, da bai taɓa roƙon cuta ba, ya shiga addu'a a zuci Allah ya sa a sami ko ɗaya mai rami. Likita ta daɗe tana duban hoton.

"Ka yi sa'a. Duk lafiyarsu ƙalau, raunin ma na sama-sama ne. Ba abin jira. Jibi da safe muna da fili."

Gabansa ya yanke ya faɗi. Matarsa ce ta amsa da cewa Allah ya kai mu.

Kashegari ya fita aiki jiki ba laka. Ya wuce inda wata tsohuwa za ta sauka, sai da ta buga jikin mota. A wata kwana tayar baya ta hau dakalin titi, abin da bai taɓa yi ba. Da la'asar ya ajiye motar ya dawo gida, ya zaunar da matarsa ya fara gaya mata wa za ta ba makullin motar, wane makaniki ne mai amana.

"Wasiyya kake yi mini a kan waya?" in ji ta. Ta so ta yi dariya, amma da ta ga da gaske yake sai ta haɗiye.

Ranar da aka sa ya kwanta a kujerar, fitila ta haske masa ido. Ya juya kai, sai ya hango wani ƙaramin ƙarfe mai baki biyu a kan faranti, sak filaya. Bai san sa'ad da ya tashi zaune ba, gumi ya jiƙa masa riga.

"'Yata, dakata. Da irin wannan aka kashe ubana."

Likita ta ajiye abin da ke hannunta ta saurare shi har ya kai aya. Sannan ta ɗora masa ƙarfen a tafin hannu.

"Na yanke waya ne, Baba. Ba haƙorin da zan cire, ko allura babu. In ka ɗaga hannu zan tsaya."

Ya koma ya kwanta. Ya yi ta ɗaga hannu, ita kuma tana tsayawa. Ta manna ƙananan ƙarafa a haƙoran da gam, ta zura waya, ta ɗaure. Yana ta jiran zafin da zai zo, har ta ce ya kurkure baki.

Zafin sai da yamma ya iso, wani tsami kamar an daddanne haƙoran. Likita ta riga ta faɗa masa, amma duk da haka kowace safiya sai ya karkato madubin bas ya auna kumatunsa, ko ɗaya ya fi ɗaya. Ba abin da ya kumbura. 'Yan tasha suka samu abin yi, wai Birki ya sa wa bakinsa bamba irin ta gaban mota. Kafin wani lokaci jinin ya ɗauke, ya koma tauna da baki duka.

Tsoron dai bai bar shi ba. Duk ranar da za a ƙara ɗaure wayar ba ya iya karya kumallo. Wani zuwa ya tarar da wani magidanci a ɗakin jira, ya ƙanƙame gwiwoyinsa, fuska ba jini. Mutumin ya ga wayar bakinsa ya tambaya a hankali, "Malam, da zafi?"

"Kaɗan ne," in ji Birki. "Amma ni ma cikina ruwa ya ɗura. Matsa in zauna kusa da kai."