Sunan da Nerrie Ba Ta Iya Kamawa

Nerrie ba ta gama sakandare ba, amma ita ta haɗa tsarin saƙon waya da ke gaya wa matan tsibiran gefen garin Kokopo wane kwale-kwale zai taso, da yadda farashin kokon da ake yin cakulan da shi ya kwana. A tsohuwar kwamfutar coci ta koya. Mata ɗari huɗu da sha biyu ke dogaro da shi. Na sani, don ni ke sayar musu da katin waya. Sai kwamfutar ta fara suma tana farfaɗowa.

Da na ji wani asusu daga Ostireliya na tallafa wa mata masu sana'ar fasaha, na tasa ta gaba.

"Ƙawata, tashi! Ko sai kwamfutar nan ta bar miki wasiyya?"

"Ke dai ba kya gajiya, uwar lissafi."

Babban sharaɗinsu shi ne mace ce ke juya kamfanin da gaske. Maza sun sha fakewa da sunan matansu su kwashe tallafi, shi ya sa asusun ke turo mai dubawa.

Baturiyar da aka turo tana zaune sai ga ToWalaun, wan mijin Nerrie, wanda aikinsa ɗaukar batura da goge farantin sola. Yana shigowa Nerrie ta sauka daga kujera ta koma tabarma.

"Wane ne wannan?" in ji baturiyar.

"Surukina ne."

"Sunansa fa?"

Nerrie ta dubi ƙasa. A wurinmu mace ba ta kama sunan wan mijinta, ko da wuƙa a wuya, balle ta sa shi aiki kai tsaye.

"To, sa shi aiki in gani."

Nerrie ta juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙawata, ko za ki gaya wa suruki batirin ya yi sanyi?"

Na yi wa baturiyar bayanin al'adarmu har maƙogwarona ya bushe. ToWalaun ma ya sa baki.

"Madam, ni ko kunna abin nan ban iya ba!"

Ta yi murmushi. "Duk haka kuke cewa."

Amsarsu ta zo: ba su gamsu mace ce ke shugabanci ba.

Tsarin ya tsaya kafin kakar koko ta gaba. Yanzu Nerrie na sayar da gyaɗa kusa da rumfata, ba ta son a ta da zancen. Matan tsibiri kuwa sun koma jibge buhuna a bakin ruwa, suna ta leƙen teku ko wani kwale-kwale zai ɓullo.