Kallabin da ke ɗaure a benci

Wata rana wasu 'yan gida ɗaya suka je gidan tarihin motoci, wanda aka gyara kwanan nan. Kar ku tambaye ni garin, ba zan faɗa ba.

Har da kakarsu, Iya Tabawa.

Yara sai hoto suke, wannan ya hau tarago, wancan ya riƙe sitiyari. Ko'ina ƙanshin fenti.

Sai suka iso wajen wata motar katako, irin ta da, mai benci a baya.

Iya ta tsaya cak.

Fenti sabo fil, amma a ƙafar benci na uku ga wani kallabi ɗaure, ya koɗe. Da can haka mata ke kama wuri in za su sauka sayen abu.

Ma'aikacin wurin ya rage murya ya ce, "Mama, kar ki taɓa. Sau uku muna kwancewa mu yar. Kafin azahar ya dawo."

Iya ta ce, "Ba zai yarda ba, ɗan nan. Ni na ɗaura."



Ashe tana da ƙanwa, Larai. 'Ya'yan Iya ma ba su taɓa jin sunan ba.

Shekara hamsin da wani abu da suka wuce, sun yi faɗa a cikin motar nan. Iya ta ɗaura kallabi ta ce, "Riƙe min wuri, ina zuwa." Ta sauka ta laɓe bayan mai rake, wai don yarinyar ta ji tsoro.

Mota ta tashi. A gada ta kife cikin kogi.

An ciro mota. Ba a ga Larai ba.

To, a gidan tarihin nan, Iya ta kama ƙarfe ta hau motar da kyar, ta zauna a gefe, ta bar wurin mutum ɗaya.

Ta ce, "Larai, na dawo. Ki yafe min."

Wallahi ko taɓa ƙullin ba ta yi ba. Da kansa ya warware, ya zame kan cinyarta.

A jiƙe yake.

Darasi: kar ka ce wa mutum "ina zuwa" alhali fushi ne ya fitar da kai. Wani har abada zai zauna jiranka.

Ku tura wa wanda kuka bari yana jira. Yau ɗin nan, don Allah.